Yadda Za A Kula Da Raguwar Ƙwayoyin Tsayar Da Jini Ga Mai Shan Maganin Ciwon Damuwa

Ciwon damuwa yana jin magani, kuma mafi yawan waɗanda likita ya ɗora a kan maganinsa suna sha watanni ko shekaru ba tare da jininsu ya sami wata matsala ba. Sai dai akwai 'yan kaɗan waɗanda maganin, ko wani magani da aka haɗa da shi, yakan rage musu ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni. Abin ba ya yawan aukuwa, amma idan ya auku iyali sukan faɗa cikin ɗayan kurakurai biyu. Wasu sukan ɗauki haɓo da jinin dasashi a matsayin abin da zai wuce da kansa, har sai jinin ya ɓalle a inda ido ba ya gani. Wasu kuma tsoro yakan sa su raba majinyaci da maganinsa a rana ɗaya, sai ciwon da aka fara shawo kansa ya dawo da ƙarfinsa. Akwai hanyar kauce wa duka biyun, kuma mafi yawan aikinta a gida ake yin sa.

A cikin jini, bayan jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska da farare masu yaƙi da cuta, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da likitoci ke kira filetilet. Ɓargo ne yake ƙera su, kowacce takan rayu kwana 7 zuwa 10, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu a saifa suke zaune. Idan jijiyar jini ta tsage, su ne ke fara taruwa su manne a bakin tsagar, kamar yadda ake liƙe randar da ta fara yoyo, kafin sauran sinadaran jini su zo su ƙarfafa liƙin. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a cikin kowace maikurolita ta jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo. Duk abin da ya gaza 150,000 raguwa ce, amma ba kowace raguwa ce ke da haɗari ba. Wanda yake da sama da 50,000 ba kasafai yake zubar da jini haka kawai ba. Ƙasa da 50,000 tiyata ko rauni na iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, idan kuma aka sauko ƙasa da 20,000, musamman ƙasa da 10,000, jini na iya ɓallewa ba tare da an taɓa mutum ba.

A fara da gwajin da ya dace

A nan Zariya idan aka ce an je gwajin jini, sau da yawa PCV ake nufi, kuma idan ya fito da kyau sai hankali ya kwanta. PCV yana nuna yawan jajayen ƙwayoyi ne kawai, ba ya faɗin komai game da ƙwayoyin tsayar da jini. Gwajin da ake bukata shi ne wanda ake rubutawa FBC, wato cikakkiyar ƙidayar ƙwayoyin jini. A kan takardar sakamako a nemi layin da aka rubuta PLT. Yawancin na'urori suna taƙaita adadin, don haka idan aka ga 230 ana nufin 230,000, idan aka ga 45 ana nufin 45,000.

Ina ganin ya dace duk wanda za a ɗora a kan dogon magani ya tambayi likitansa ko akwai bukatar a yi wannan gwaji kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, kuma ya adana takardar. Ga wasu magunguna, irin su Epilim da Tegretol na farfaɗiya, wannan gwaji na farko ƙa'ida ce. Amfaninsa yakan bayyana ne daga baya: idan bayan wata uku aka sami 110, likitan da ya san cewa a farko 280 ne zai fahimci abin daban da likitan da ba shi da abin da zai kwatanta da shi.

Yadda magungunan ke taɓa jini

Hanyoyin sun bambanta, kuma sanin bambancin shi ne ke hana firgita marar dalili.

Hanya ta farko ta shafi ƙarfin ƙwayoyin ne, ba adadinsu ba. Magungunan damuwa da aka fi rubutawa a yau, irin su fuluwokzetin wanda aka sani da Prozac, da sataralin wanda aka sani da Zoloft, da esitalofiram wanda ake sayarwa da sunan Lexapro ko Cipralex, suna aiki ne ta hanyar hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa sake tsotse wani sinadari mai suna sirotonin. Ƙwayoyin tsayar da jini su ma suna bukatar wannan sinadari domin su manne da juna, kuma ba sa iya ƙera shi da kansu, daga cikin jini suke ɗauka ta irin ƙofar da maganin ke toshewa. Saboda haka bayan an ɗan jima ana shan maganin sai abin da suka tara ya ragu, manninsu ya yi rauni. A irin wannan hali adadinsu a takardar gwaji yakan fito daidai, ƙarfin aikinsu ne ya ragu. Ga yawancin mutane wannan rauni ba ya kai wa ga komai. Inda yake zama matsala shi ne idan aka ɗora masa maganin ciwon jiki irin su asfirin, Brufen, dikulofenak ko Feldene, waɗanda su ma suke raunana ƙwayoyin kuma suke cin bangon ciki, ko kuma maganin tsinka jini irin su wafarin. Haɗuwar nan tana ƙara haɗarin zubar jini a ciki sosai, musamman ga tsofaffi da masu gyambon ciki.

Hanya ta biyu ita ce wadda adadin kansa yake faɗuwa, kuma garkuwar jiki ce ke haddasa ta. Jikin wasu mutane yakan ƙera sojojin da ke kai wa ƙwayoyin tsayar da jini hari muddin maganin yana cikin jini. Wannan yakan bayyana ne kwana 5 zuwa 10 bayan fara sabon magani, faɗuwar kuma takan yi tsanani, sau da yawa ƙasa da 20,000. Idan mutum ya taɓa yin haka da wani magani sannan ya sake shan sa, ko bayan shekaru ne, adadin na iya rushewa cikin sa'o'i kaɗan. A cikin magungunan damuwa, mitazafin da ake sayarwa da sunan Remeron yana cikin waɗanda aka tabbatar suna iya yin haka, an kuma sami rahotanni jefi-jefi a kan amitiriftilin da dangin Prozac. Amma waɗanda suka fi shahara da wannan hali ba magungunan damuwa ba ne. Kwinin shi ne na gaba-gaba, tun shekarar 1865 likitoci suka rubuta labarinsa, sai Septrin, sai rifamfisin da ke cikin maganin tarin tibi, sai allurar seftiriyazon, sai Tegretol. Duk waɗannan magunguna ne da ake amfani da su yau da kullum a garuruwanmu.

Akwai abin lura game da lokacin. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin amfaninsa, ita kuwa wannan raguwa a makon farko ko na biyu take zuwa. Ke nan tana riskar majinyaci ne a daidai lokacin da bai ga wani sauƙi ba tukuna, lokacin da ya fi saurin yanke ƙauna daga maganin asibiti gaba ɗaya. A wannan gaɓa ce ya fi bukatar wanda zai tsaya masa.

Hanya ta uku ta shafi balfurowet, wato Epilim, wanda ake bai wa masu farfaɗiya da kuma masu irin ciwon da damuwa ke musanyawa da hauhawar zumuɗi. Shi raguwar da yake jawowa tana tafiya ne da yawan abin da ake sha, takan zo a hankali cikin makonni ko watanni, ta fi kama tsofaffi da mata, kuma sau da yawa rage adadin maganin kaɗai yakan gyara ta. Macen da take shekarun haihuwa tana da wani dalilin daban na tattaunawa da likita a kan Epilim, domin yana iya yi wa ɗan tayi illa mai girma.

Takardar magani

Idan akwai abu ɗaya da nake roƙon kowane gida ya yi, to wannan ne. A sami ƙaramin littafi, a rubuta sunan kowane magani da ya shiga bakin majinyaci ko jikinsa, da ranar da aka fara, da ranar da aka daina, da adadin da ake sha. Wanda ba ya iya karanta sunan ya ajiye kwalin ko katin ƙwayar, ko ya ɗauki hotonsa da waya. Kada a tsaya ga abin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta. A saka allurar zazzaɓin da aka yi a kemis, da maganin mura, da jiƙe-jiƙen gargajiya, da maganin ƙarin kuzari, har da lemun kwalba mai ɗaci da ake kira tonik, domin akwai kwinin a cikinsa.

Abin da ya fi wahalar da likita shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a farar leda. Mutum ya dawo daga gona ko kasuwa jikinsa yana ciwo, ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali. Sau da yawa a cikin irin wannan haɗi akwai magungunan ciwon jiki masu cin bangon ciki, wani lokaci ma fiye da ɗaya. Mai shan maganin damuwa ya bar karɓar irin wannan ƙulli. Idan ya riga ya sha, a koma wurin wanda ya haɗa a nemi sunayen a rubuce. Babu gwajin da ake samu cikin sauƙi wanda zai nuna kai tsaye cewa magani kaza ne ya rage ƙwayoyin. Likita yana gano mai laifin ne ta hanyar jera ranakun: me aka fara sha mako ɗaya ko biyu kafin alamar ta fito. Littafin da aka rubuta da kyau yana iya wanke maganin damuwa daga zargi, ya nuna cewa Septrin ɗin da aka sha saboda tari ne ya jawo abin.

Yadda ake duba jiki

Littattafan likitanci suna bayyana alamar farko da jajayen ɗige-ɗige a fata, amma a baƙar fata ba sa fitowa ja, kuma ido yakan wuce su. A duba da rana, a wuri mai haske. A fara da ƙwauri da idon sawu da bayan ƙafa, inda za a ga ɗigo-ɗigo masu duhu, ƙanana kamar kan allura, a shafe suke ba su taso ba, ba sa ƙaiƙayi. A danna gefen tambulan na gilashi a kansu: ƙurjin zafi yakan dushe idan an danna, waɗannan kuwa suna nan yadda suke. Daga nan a sa majinyaci ya buɗe baki a haska da fitilar waya, a duba cikin kumatu da ganɗa da gefen harshe, sannan a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta. A waɗannan wurare launin yana fitowa sarai ko mene ne launin fatar mutum. Idan aka ga ƙullutu mai cike da baƙin jini a cikin baki, wannan alama ce ta cewa adadin ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ba a kwana da ita a gida.

Sauran alamun su ne kwanciyar jini a ƙarƙashin fata ba tare da an bugu ba, da jinin dasashi a kan asuwaki ko burushi fiye da yadda aka saba, da wurin allura ko yankan aski da ya ƙi tsayawa. Haɓo yana da rikitarwa a wajenmu, domin da hunturu hanci yakan bushe ya tsage ko ga lafiyayye. Haɓon da ya kamata a damu da shi shi ne wanda yake dawowa a kai a kai, ko wanda bai tsaya ba bayan an matse hanci yadda ya dace. Yadda ya dace kuwa shi ne mutum ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan ɓangaren hancin minti 10 zuwa 15 ba tare da ya saki yana dubawa ba. Ɗaga kai sama yana mayar da jinin maƙogwaro ne kawai.

Mata suna da alamar da kunya kan sa a ɓoye, wato jinin al'ada da ya ƙaru fiye da yadda aka saba, ko ya wuce kwanakinsa, ko yake zuwa da manyan gudaji har ana sauya ƙunzugu kusan kowace sa'a. Mai ciwon damuwa dama ba ta cika son magana ba, don haka ya kamata uwa ko yaya ko aminiya ta riƙa tambayarta a keɓe. Mai juna biyu kuma ta sanar da masu awo da masu karɓar haihuwa irin maganin da take sha, domin dangin Prozac suna ɗan ƙara yiwuwar zubar jini bayan haihuwa, kuma sanin haka tun da wuri yana sa a shirya.

Akwai alamun da ba a jiran ranar ganin likita a kansu: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, da kuma matsanancin ciwon kai na farat ɗaya, ko ruɗewa, ko karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi sashen gaggawa nan take, da littafin maganin da duk kwalayen a hannu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin jini da likitocin ƙwaƙwalwa a wuri ɗaya, kuma wannan matsala tana bukatar su duka biyun. Wanda ya fi kusa da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko yake can Soba ko Giwa ko Maƙarfi, ya fara zuwa asibiti mafi kusa, su za su tura shi gaba idan da bukata.

Abin da za a tarar a asibiti

Kada a yi mamaki idan likita ya sa a maimaita gwajin. Jinin wasu mutane yakan sa ƙwayoyin su dunƙule a cikin kwalbar gwaji mai murfi ruwan malmo, sai na'ura ta ƙirga su kaɗan alhali suna nan da yawa. Ana gane haka ta hanyar shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, ko a sake ɗiba a wata irin kwalba. Bayan haka za a bincika sauran dalilai, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana cikin manyan abubuwan da ke rage waɗannan ƙwayoyi, sai ciwon hanta, da cutar ƙanjamau, da shan giya, da kumburin saifa, da cututtukan ɓargo. Idan da zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da zubar jini, za a yi tunanin zazzaɓin Lasa. Ba a ɗora wa magani laifi sai an duba waɗannan.

Idan zargi ya tsaya a kan magani ta hanyar garkuwar jiki, dakatar da shi shi ne babban magani, kuma likita zai dakatar nan take. Adadin yakan fara hawa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan maganin ya fita daga jini, ya koma daidai cikin kusan mako guda. Prozac yana daɗewa a jiki har makonni, don haka nasa murmurewar na iya jinkiri. Wanda yake zubar da jini sosai ana iya yi masa ƙarin ƙwayoyin tsayar da jini, ko a ba shi magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki. Waɗannan ƙwayoyi ba sa wuce kwana 5 a ajiye, shi ya sa ba kullum ake samun su a shirye ba, kuma yana da kyau 'yan'uwa masu lafiya su kasance a kusa ko za a nemi masu ba da jini.

Batun dakatar da maganin damuwa

A nan ne nake son a fi natsuwa. Idan alamar mai sauƙi ce, kamar ɗan jinin dasashi ko tabo ɗaya ko biyu, a nemi likita ko a je gwaji a ranar ko washegari, a bar shi ya yanke hukunci a kan maganin. Idan alamar mai tsanani ce, a kai majinyaci asibiti kafin lokacin shan ƙwaya ta gaba ya zo, ta yadda hukuncin zai kasance a hannun wanda ya ga sakamakon gwaji. Abin da ba a so shi ne a jefar da maganin a zauna a gida. Yanke maganin damuwa kwatsam yana kawo jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, da wani irin ji kamar fizgar lantarki a kai, kuma mafi muni shi ne ciwon ya dawo. Yanke Epilim ko Tegretol kwatsam ga mai farfaɗiya yana iya tayar da ita.

Ko da likita ne ya dakatar da maganin, kada a bar asibiti sai an san abin da zai maye gurbinsa da ranar da za a dawo. Magungunan damuwa iri-iri ne, kuma wanda jikinsa ya ƙi ɗaya yawanci yana karɓar wani daga wani dangin. Idan matsalar raunin manni ce kawai, likita yana iya barin maganin yadda yake, ya janye na ciwon jikin, ya ƙara wani mai kare bangon ciki irin su omefurazol. Zaman tattaunawa da ƙwararre shi ma magani ne, kuma yana riƙe mutum a lokacin sauyi. A makonnin nan iyali su sa ido sosai. Idan majinyaci ya fara cewa gara ya huta, ko shi nauyi ne a kan mutane, ko ya fara rabar da kayansa, a tambaye shi kai tsaye cikin tausasawa ko yana tunanin halaka kansa, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a mayar da shi wurin likita a ranar. Yin tambayar ba ya cusa masa tunanin. Addu'a da magani kuma ba sa karo da juna, kada a sa shi ya zaɓi ɗaya.

Kafin adadin ya dawo daidai, a jinkirta ƙaho da sakiya da duk wani aikin wanzami mai fitar da jini, haka ma cire haƙori da tiyatar da ba ta gaggawa ba. A guji allurar tsoka sai wadda likitan da ya san halin da ake ciki ya rubuta. A yi amfani da burushi mai laushi a maimakon asuwaki mai tauri, a rage hawan babur, a bar ƙwallo da duk wasan da ake karo. Don ciwon kai ko ciwon jiki farasitamol ya wadatar, a kan adadin da aka ƙayyade.

Idan an tabbatar da maganin da ya jawo raguwar ta hanyar garkuwar jiki, an rabu da shi ke nan har abada, domin jiki ba ya mantawa da shi. A roƙi likita ya rubuta sunansa na asali a kan kati, ba sunan kamfani kaɗai ba, tunda magani ɗaya yana zuwa da sunaye da yawa a kasuwa. Katin ya zauna a aljihu ko a jaka, a nuna shi a kowane asibiti da kowane kemis kafin a karɓi komai, kuma mutum biyu aƙalla a gidan su san sunan da ka. A kuma tuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna ya cike takardar rahoton illar magani ta hukumar NAFDAC, wadda ke tattara irin waɗannan bayanai daga duk faɗin Nijeriya. Bayan an fara sabon maganin, a tambayi likita ranar da za a sake gwajin FBC, a rubuta ranar a littafin, a liƙa sabuwar takardar sakamakon kusa da tsohuwar.